Naɗin taransifomar tsohuwar Pioneer a Sabon Gari: aikin Baba yayi kyau, amma akwai inda ban ji daɗi ba

Duk wanda yake da tsohuwar amfilifaya ko babban rediyon nan na da a gida, irin su Pioneer ko Sansui ko Kenwood ko Technics, kuma wani mai gyara yace masa wai taransifoma ta ƙone sai dai a haƙura, to don Allah kar yayi saurin kiran ɗan jari-bola. Ana gyarawa. Ni na kai tamu an gyara kuma yanzu haka tana aiki, shi yasa nace bari in zauna in faɗi yadda aikin ya gudana a shagon da na kai, abin da ya burge ni da wanda bai min daɗi ba, don mutane da yawa ana cutarsu a wannan harkar ba don komai ba sai don basu san abin da ya kamata su tambaya ba.

Tamu Pioneer ce SX-780, mai farar fuskar alminiyam da alluran nan masu rawa idan sauti yana tashi. A Japan aka yi ta wajen 1978, wat 45 take bayarwa kowane ɓangare, nauyinta ya haura kilo 10 kuma kaso mai tsoka na nauyin nan taransifomar ce kawai. Ta mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa, a gwanjo ya saye ta tun muna yara, da ita ake jin labarai da tafsiri a azumi, da ita yake jona kaset ɗinsa da garmaho. Matsalarta ɗaya tun asali, irin wadda aka yi don kasuwar Amurka ce, a bayanta ɓaro-ɓaro an rubuta 120V 60Hz, babu wannan maɓallin da ake murɗawa a canja boltej kamar yadda wasu 'yan uwanta suke da shi, saboda haka duk rayuwarta a gidanmu da siteb-dawun take aiki, wato na'urar da take rage wutar ƙasarmu zuwa bolt ɗin da take so.

Ranar wani suna a gidan aka fito da ita tsakar gida, a cikin hayaniyar jama'a wani daga cikin samarin da suka zo taya aiki ya zare fulogin daga siteb-dawun ya soka a ekstenshan kai tsaye, kunsan soket ɗin nan na kasuwa mai karɓar kowane irin fulogi. Wutar bolt 230 ta shiga inda aka tanadar wa 120. Abin da ya kamata ya faru shine fiyus ya yanke shikenan a canja shi a ci gaba da biki, amma ba haka akayi ba, sai ƙugi, sai hayaƙi da ƙaurin nan na banish, wato fentin da ake tsoma naɗin waya a ciki, idan ya ƙone, wanda duk wanda ya taɓa jinsa baya mantawa.

Shagunan da na fara leƙawa gaskiya sun sanyaya min gwiwa. Wani ko buɗewa bai yi ba, ya shinshina kawai yace Alhaji kawo kuɗi in sayo maka taransifoma 24-0-24 in ɗaura, yau-yau zaka tafi da kayanka. Wani kuma yace ai wannan ta tsufa, bari ya kwashe kayan cikin gaba ɗaya ya sa min bod ɗin nan na zamani mai Bluetooth, kwalin dai ya zauna yadda yake. Wallahi wannan maganar ta min ciwo, don me ya rage kenan? Idan Bluetooth nake so ai akwai ɗan ƙaramin abu da ake jonawa ta AUX a baya ba sai an yashe cikinta ba. Shi kuwa na farkon, matsalar maganarsa itace taransifomar irin wannan na'ura ba wuta iri ɗaya take fitarwa ba. Akwai babban naɗi mai waya uku da yake ciyar da ɓangaren ƙarfin sauti, akwai wani na rediyo da ƙananan sassan gaba, akwai kuma na fitilun fuska wanda wajen bolt 8 ne. Ka ɗaura ta kasuwa mai hanya ɗaya sauran fa daga ina zasu sha? Ƙarshenta ayi ta ƙulle-ƙulle da rasista, abu yayi wata biyu ya sake mutuwa ace maka ai dama ta tsufa.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta min shagon wani dattijo a Sabon Garin Kano can ɓangaren masu kayan wuta, yace naɗin koyil ne sana'arsa tun yana saurayi, fanka da injin ruwa da sitabilaiza duk yana yi, amma abin da yafi ƙauna tsofaffin kayan sauti. Kowa a layin Baba yake ce masa. Shagon ƙarami ne ƙwarai, babu allo babu komai, idan ba an nuna maka ba wucewa zaka yi, ciki kuma kaya ne jibge har rufi, tsofaffin dek da sifiku da gawarwakin taransifoma a buhu, benci ɗaya ne na baƙi shima rabinsa kaya ne a kai. Yara biyu ne suke taya shi. Amma teburin aikinsa tsaf yake, mita biyu, abin dalma, injin naɗi na hannu mai ƙirga zagaye, sai wani tsohon littafi da ya sha hannu wanda yake rubuta lissafin duk taransifomar da ya taɓa warwarewa. Littafin nan shine ya fara kwantar min da hankali.

Bayan mun gaisa na fara ba shi labari, nace Baba taransifoma ce ta ƙone ina so a canja. Yace ɗana bari mu gani tukuna, taransifoma bata mutuwa haka kawai kashe ta akeyi, idan bamu gano wanda ya kashe ta ba sabuwar ma binta zata yi. A gabana ya buɗe. Abu na farko da ya zaro fiyus ne, ya miƙo min yace duba. Gilashin yana nan amma an naɗe shi da silin waya daga kai zuwa kai, wato a wani gyara da aka taɓa yi mata shekarun baya fiyus ya yanke, maimakon a sayi sabo na 'yan kuɗi kaɗan sai aka ɗaure shi da waya, kuma tun lokacin na'urar bata da mai tsaronta. Da fiyus na gaskiya ne a wurin da duk wannan wahalar bata taso ba. Ina roƙon duk mai karanta wannan ya je ya duba fiyus ɗin kayansa yau, wannan ɗabi'ar ta ɗaure fiyus ta halaka kayan mutane ba adadi, wani lokacin har da gobara.

Daga nan ya sa mita a kan om ya auna naɗin da wuta take shiga, wanda suke kira firamare, mita bata motsa ba, a yanke yake. Amma bai yanke hukunci nan take ba, yace da yawa daga taransifomomin kayan gida akwai wani ɗan ƙaramin fiyus na zafi da ake binnewa a jikin naɗin ƙarƙashin takarda, idan zafi yayi yawa shi yake fara yankewa waya bata ƙone ba, kuma sau tari shi kaɗai ne matsalar, marasa tsoron Allah sai su canja shi ko ma su haɗe shi da waya su karɓi kuɗin naɗi cikakke. Ya kwance ta daga jikin kwalin ya cire murfin ƙarfen ya leƙa. Tamu dai ba wannan bace, takardar ta zama gawayi, fentin jikin wayar yana marmashewa a hannu. Ta ƙone ƙurmus.

Abin da yayi bayan wannan shine dalilin da yasa nake yaba masa. Kafin ya faɗi ko sisi na kuɗin naɗi yace sai ya tabbatar sauran na'urar da rai, don babu amfani in biya kuɗin taransifoma sannan a gano ɓangaren sauti ya tafi. Ya ɗauko wata taransifoma tasa ta gwaji mai ƙaramin boltej ya jona ta wucin gadi, kuma bai soka a wuta kai tsaye ba sai ta cikin ƙwan fitila, irin na da mai zare a ciki wat 100, wanda aka jera shi a kan hanyar wutar. Idan akwai inda ya haɗe a ciki ƙwan zai haska sosai ya shanye wutar babu abin da zai ƙara ƙonewa, idan lafiya lau ne zai haska na ɗan lokaci sannan ya dushe. Yace ƙwan zamani na LED baya wannan aikin shi yasa yake ɓoyon nasa. Da ya kunna kuwa ƙwan ya haska tar ya ƙi dushewa. Ya bi a hankali ya gano dayod ɗaya daga cikin masu mayar da wuta DC ya haɗe, sannan ɗaya daga manyan kafasita biyun nan masu ajiye wuta ta kumbura a sama. Kunga kenan da na yarda da mai cewa yau-yau zan tafi da kayana, da sabuwar taransifomar a kan wannan dayod ɗin za'a ɗora ta.

Fargabata babba itace STK. Wannan samfurin ƙarfin sautinsa yana fitowa ne daga wasu baƙaƙen fakiti biyu STK-0050 na kamfanin Sanyo, an daɗe da daina yinsu, kuma waɗanda suke yawo a kasuwa yanzu jabu sun yi yawa a ciki, wani kana sawa ka ɗaga murya kaɗan ya tafi. Bayan ya canja dayod ɗin ya sake gwadawa ƙwan ya dushe, ya auna inda wuta take fita zuwa sifika babu DC mai yawa, 'yan milibolt ne kawai. Yace alhamdulillahi guda biyun suna nan da ransu. Sai a lokacin muka zauna maganar taransifoma.

Hanya uku ya shimfiɗa min. Ta farko a nemo gawar irinta a cire tata a sa, wannan shine mafi sauƙi idan an samu, amma samun SX-780 a Kano ba abu bane na yau ko gobe, kuma ko an samu idan ta Amurka ce mun koma gidan jiya da siteb-dawun, odarta daga waje kuwa nauyin kaɗai zai cinye kuɗin. Ta biyu a sayi sabuwa. Yace akwai masu kyau, musamman zagayayyun nan masu rami a tsakiya, basa ƙugi sosai kuma basa cin wuri, amma sai an dace da boltej daidai sannan a ƙara wata ƙarama don rediyo da fitilu, kuma ɗaurinta yana son wanda ya sani, don idan dogon sukurun tsakiyar ya taɓa ƙarfen kwali sama da ƙasa ya zama zagaye ɗaya da ya haɗe, nan take zata ɗau zafi. Maganar boltej ɗin ma ba wasa bace, abin da taransifoma ta fitar idan ya bi ta dayod da kafasita ninkuwa yake da kusan 1.4, misali mai ba da 28 da 28 zata koma wajen 39 sama 39 ƙasa, ka sa mai 35 kuwa ka doshi 49, idan kafasitarka ta bolt 50 ce ka kai ta bakin rami, STK ma haka. Ka sa ƙasa da ƙima kuma sauti ya rame. Sannan na'ura mai wat 45 sau biyu tana son taransifoma mai ɗaukar VA 150 zuwa 200, wato ma'aunin ƙarfin taransifoma, su kuwa na arahan kasuwa zaka ga an rubuta amfiya 5 a jiki ka ɗaga kaji sakayau, wayar alminiyam ce aka shafa mata launin jan ƙarfe. Araha dai bata ado.

Ta uku itace a warware tata ta asali a sake naɗawa a kan ƙarfenta, kuma tunda za'a naɗa ɗin a naɗa ta a kan wutar ƙasarmu a rabu da siteb-dawun har abada. Ita na zaɓa, kuma ita shima ya fi so.

A nan ne naga bambancin wanda ya san aiki da mai kwaikwayo. Ni a zatona sai dai a ninka zagayen firamare kusan sau biyu tunda daga 120 za'a koma 230, shikenan. Baba yace a'a akwai sauran magana, wutar Amurka sau 60 take juyawa a sakan ɗaya tamu kuwa sau 50, kuma siteb-dawun boltej kawai yake ragewa baya taɓa wannan juyawar. Duk taransifomar da aka lissafa a kan 60 idan ka ba ta 50 maganaɗisun da ƙarfenta yake ɗauka ƙaruwa yake da kashi ɗaya cikin biyar. Yace kamar tulu ne, idan ya kusa cika duk ruwan da ka ƙara zuba wa ƙasa kake, to haka ƙarfen yake idan ya ƙoshi, wutar da ta ƙaru zafi da ƙugi take zama. Sai a lokacin na gane dalilin da tun muna yara saman na'urar nan yake zafi sosai kuma kana jin zzzz ɗinta ko babu abin da yake kunne. Saboda haka dole kowane bolt ya samu ƙarin zagaye, firamare da sakandare, wato naɗin da wuta take fita, duka. Lissafin da yake amfani da shi shine ya auna faɗin tsakiyar ƙarfen da kaurinsa a santimita ya ninka, sai ya raba 45 da abin da ya samu, amsar itace zagaye nawa kowane bolt yake so a wuta mai juyi 50. Misali idan ya samu 16, kowane bolt zagaye 2.8 kenan, bolt 230 ya kama wajen zagaye 647. Shi a kan 240 ma ya lissafa, yace gara a bar mata sarari saboda ranar da wuta zata zo da ƙarfi. Kuma ya faɗa min gaskiya tun kafin ya fara cewa wurin naɗin baya ƙaruwa, idan zagaye ya ƙaru dole wayar sakandare ta ɗan ragu a kauri, saboda haka idan na ƙure murya zan iya rasa ɗan ƙarfi kaɗan. Na yarda da hakan, ba gidan biki zan buɗe ba.

Na samu ganin wani ɓangare na aikin da idona. Fitar da ƙarafan nan masu siffar E da I ɗaya bayan ɗaya aiki ne na haƙuri don banish ya manne su shekara sama da 40, yaron shagon ne yake yi da wuƙa da ƙaramar guduma Baba yana masa faɗa kar ya lanƙwasa ko ɗaya. Sannan warwarewa, kowane naɗi yana ƙirga zagayensa yana auna kaurin wayar yana rubutawa a littafin nan, har da launin wayar da ta fito daga kowanne. Da ya sayo sabuwar waya ya kankare bakinta da reza ya nuna min, ja ce har ciki, yace ta alminiyam kana kankarewa zaka ga fari, kuma ka sa mata ashana lanƙwashewa take ta narke, ga shi bata kama dalma da kyau, kuma tana hana wuta wucewa fiye da jan ƙarfe da kusan kashi 60 cikin 100, shi yasa take zafi. Ku riƙe wannan gwajin, ko fanka zaka kai naɗi ka ce a kankare wayar a gabanka. Yana naɗawa layi-layi a jere ba a cakuɗe ba, takarda tsakanin layuka, takarda mai kauri tsakanin firamare da sakandare don a nan ran mai taɓa na'urar yake, ya kuma binne sabon fiyus na zafi a ciki. Da ya gama ya mayar da ƙarafan ya gwada ta ita kaɗai babu kaya a kanta ta daɗe a kunne, sannan ya tsoma ta a banish ya bar ta ta bushe sosai. Fiyus ɗin wuta ma bai mayar da mai lambar da ba, tunda boltej ya ninku amfiyar da take ja ta ragu da kusan rabi, sai ya sa mai rabin lambar, irin mai jinkirin yankewa wanda ake sa wa alamar T.

To yanzu inda ban ji daɗi ba, don bazan ɓoye ba.

Na farko alƙawari. Ranar da yace in zo ba'a gama ba, wadda ya sake sawa ma haka, kuma ba zai kira ka ya faɗa maka ba sai ka sha cunkoson Sabon Gari ka iso sannan kaji wai ba'a samu waya mai kaurin da yake so ba. Dalilin mai kyau ne, na gwammace ya jira jan ƙarfe na gaske da ya sa min abin da ya samu, amma kira ɗaya ai ba wani abu bane, wayarsa kuma rabin lokaci tana hannun yaro ko a kashe. Na biyu babu rasit babu wata shaida, ka ba da rabin kuɗi ka bar kayanka cikin tulin kayan mutane da amana kawai. Ni da kaina na nemi salatif na rubuta sunana na manna a jiki na kuma ɗauki hoto. Baba mutum ne mai amana kowa a layin ya shaida, amma yau da gobe sai Allah, idan baya nan yaran basu san na wane da na wane ba. Sukurori biyu na murfin ma da aka dawo min da ita ba nata bane.

Na uku shine wanda yafi damuna don maganar rai ce. A bayan irin waɗannan na'urori na Amurka akwai soket da ake jona dek ko garmaho, kuma wutar da ta shigo ta fulogi ita take fita ta nan kai tsaye bata bi ta taransifoma. Da can 120 ce take fita, yanzu kuwa 230 ce, amma rubutun jiki yana nan yana cewa 120. Garmahon gidanmu shima na Amurka ne kuma a nan ake soka shi tun fil azal. Da ban tsaya na duba bayan na tambaya ba da ranar farko zamu ƙona shi. Da na nuna masa bai yi musu ba, yace ɗana kayi gaskiya wannan ya wuce min, nan take ya yanke wayoyin soket ɗin ya rufe bakinsu, ya cire tsohon fulogin mai ƙafa biyu ya sa namu mai ƙafa uku, ya duba ƙaramar kafasitar da take kan layin wuta ya canja ta da wadda aka yi don boltej ɗinmu, sannan ya rubuta 230V da babban baƙi ya manna a kan tsohon rubutun. Naji daɗin yadda ya karɓi maganar, amma mutumin da ya lissafa juyin wuta har zagaye ɗaya-ɗaya bai kamata wannan ya kuɓuce masa ba, kuma ba kowane mai kaya bane zai lura.

Ita kuwa na'urar, masha Allah. Kana kunnawa fitilu su kama, bayan 'yan sakanni kaji ƙas ɗin rilen nan sannan sauti ya fito. Ƙugin nan da muka saba da shi har muka ɗauka haka take ya tafi, sai ka kanga kunne a jikin kwalin zaka ji ɗan kaɗan. Tana wuni a kunne ka ɗora hannu a sama ɗumi ne kawai ba zafi ba. Na gwada ta da FM da kaset da waya ta AUX, ganga da kalangu suna fitowa da nauyinsu, muryar mai karatu tana fita tas babu kaushi, kuma ragin ƙarfin da yace zan iya ji ni dai a falo ban kai inda zan ji shi ba don kafin maɓallin murya ya kai rabi ɗakin ya cika. Abin da na lura da shi shine da yamma idan wuta tayi ƙasa fitilun suna ɗan dushewa, wannan kuwa sakamakon lissafin 240 ne, da na sa ta a sitabilaiza ya daidaita. Ya kuma ja min kunne kar in riƙa kunna ta da ƙaramin janareta mai hawa da sauka.

Kuɗi fa? Ba araha bane, kar in yaudare ku. Naɗin da dayod huɗu da manyan kafasita biyu da ya canja gaba ɗaya, abin da na kashe zai saya min sabuwar sifikar Bluetooth ta kasuwa har da canji, kuma mafi yawansa kuɗin waya ne don jan ƙarfe yayi tsada. Baya son dogon ciniki, ya rage min kaɗan yace sauran ba nasa bane na mai waya ne. Idan kayanka irin ƙananan rediyon roba ne masu CD na shekarun 2000 gaskiya lissafin bazai fita ba, shi da kansa a gabana ya faɗa wa wani haka ya mayar masa da kayansa bai karɓi komai ba. Amma ga masu nauyin nan na shekarun 1970 da 1980 da aka yi da ƙarfe da katako, kuɗin ya halatta.

Idan zaka kai taka, wurinsa ko wurin wani, ka ɗauki hoton bayanta da cikinta kafin a taɓa komai, kar ka bari a jefar da ƙonanniyar taransifomar don a jikinta duk lissafin yake, kuma kar ka sa hannu a ciki da kanka ko an zare fulogi saboda manyan kafasitan nan suna riƙe wuta. Ka je da safe kafin kasuwa ta cika, lokacin ne zaka samu Baba da natsuwar yin bayani. Ni zan sake komawa bayan sallah, yace ƙananan kafasitan ɓangaren rediyo suma sun tsufa gara a canja su tun basu fara zuba ba, kuma garmahon ma ina so ya duba ko za'a iya mayar da shi kan wutarmu.